Tambaya da Amsa: Sitiyari Yana Karkarwa Idan Na Taka Birki

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da mota ƙirar Toyota Corolla wadda nake bin hanyar Akwanga zuwa Jos da ita kusan kowane mako. A 'yan watannin nan, duk lokacin da nake gudun kilomita 80 zuwa 100 a awa na taka birki, sai sitiyari ya riƙa karkarwa a hannuna, amma da na ɗaga ƙafa sai ya lafa. An yi mini balansin da alaimen, na kuma sauya tayoyin gaba, amma abin yana nan. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Akwanga.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bayaninka ya rage mana rabin aiki, tunda ka ce karkarwar ba ta zuwa sai ka taka birki. Da rashin balansin ne, ko lanƙwasar wili, ko kumburin taya, da sitiyarin zai riƙa rawa da zarar mota ta ɗauki gudu, ko ka taɓa birki ko ba ka taɓa ba. Saboda haka kada ka sake komawa wajen masu alaimen sai an duba faifan birkin gaba, wato dis ɗin da fad biyu, takalman birki ke nan, ke matsewa ta ciki da ta waje.

Ana so faifan nan ya kasance da kauri ɗaya ko'ina, kuma ya juya a miƙe ba tare da layi ba, wato kaɗawa gefe da gefe. Idan wani gefe ya fi wani kauri, to a kowane zagaye fad zai kama da ƙarfi sannan ya sassauta, kuma da yake a gudun kilomita 100 tayar irin motarka tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya, wannan kamawa da sakin ne ke bi ta tayirod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, har ya iso tafin hannunka. Layin da Toyota ta yarda da shi a yawancin ƙananan motocinta bai wuce milimita 0.05 ba, abin da bai kai kaurin silin gashi ba. Don haka makanikin da ya shafa faifai da yatsa ya ce maka lafiya lau yake, bai gwada komai ba tukuna. Sai an ɗora agogon awo a jikin faifan ana juya shi a hankali, an kuma auna kaurinsa a wurare da dama a kewaye.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne gano dalilin lalacewar, domin in ba haka ba sabon faifan ma zai bi sahun tsohon. Hanyar da kake bi ta sa na fi zargin zafi. Mai saukowa daga gangaren Hawan Kibo da ƙafarsa a kan birki tun daga sama yana gasa faifan sosai, kuma idan ya tsaya cak a ƙasa yana danne da feda, fad yakan bar shafinsa a wuri ɗaya, daga nan kaurin ya fara bambanta. Haka ma watsa wa wili ruwan sanyi a wurin wankin mota alhali an dawo daga doguwar tafiya yanzun nan.

Dalili na biyu yana hannun mai faci. Sau da yawa za ka ga ya zura bututu a sifana, ya hau kai da ƙafa yana tsalle har noti ya yi ƙara, wani notin ya ɗauru fiye da kima, wani kuma bai kai ba, sai faifan ya zauna a karkace. Notin tayar Corolla ana ɗaure shi da ƙarfin Nm 103 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), a ɗaure noti ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa, da sifana mai ma'auni. Tsatsa ko yashi a mazaunin faifan ma kan haifar da wannan karkata, shi ya sa dole a goge wurin tas kafin a ɗora. Sai kuma kalifa, wato abin da ke riƙe fad yana matsa shi a jikin faifai: idan sandunan da take zamewa a kansu suka bushe saboda rashin giris, fad yakan ci gaba da gogar faifai ko ba a taka ba. Alamarsa ita ce wili ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi, ko fad ɗaya ya cinye kafin saura.

Tunda an riga an ɗaga motar a jak, a kama tayar a girgiza ta dama da hagu, sannan sama da ƙasa. In akwai wasa, a duba tayirod, boljoyin, bushin da boris, wato sassan ƙafar mota da ke riƙe taya, domin idan suka saki sukan mayar da ƙaramar karkarwa babba.

Game da gyara, ana iya fere faifan a inji muddin kaurin da zai rage bai gaza adadin da kamfani ya buga a jikinsa ba. In ya kusa wannan iyaka, sauyawa ta fi, domin siririn faifai ya fi saurin ɗaukar zafi. A yi na dama da na hagu tare, da sabon fad mai kyau, kuma ni ban cika son tsohon faifai na kasuwa ba sai an auna shi a gabanka. Bayan gyara, ka nemi hanyar da ba cunkoso, ka riƙa rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau takwas ba tare da tsayawa cak ba, sannan ka ci gaba da tafiya birkin ya huce. Daga yanzu kuma, idan za ka sauko daga Jos, ka mayar da motar ƙaramar giya tun kafin gangaren ya fara, injin ya riƙe ta, kana taka birki kana saki.