Na sayi mabiya, yanzu bidiyona ya daina tafiya, ko shadoban aka yi min?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni ina yin bidiyon koyar da ɗinki ne a Instagram da TikTok. Da na ga mabiyana sun tsaya cak sai wata ƙawata ta saka ni a guruf ɗin nan na "ki bi ni in bi ki", daga baya kuma na biya wani ya ƙara min mabiya dubu goma. To tun daga nan abu ya lalace, bidiyon da a da mutum dubu uku ke kallo yanzu da ƙyar yake kai ɗari biyu. Wani ya ce shadoban aka yi min, wato manhajar ce ta daina nuna wa mutane bidiyona a ɓoye ba tare da ta sanar da ni ba, wai in ba shi fasuwod ɗina da kuɗi zai cire min. Wallahi hankalina a tashe yake, har na fara tunanin goge shafin gaba ɗaya. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun kafin mu je ko'ina, kar ki ba shi fasuwod ɗin nan, kar ki tura masa lambar da za ta shigo wayarki, kar kuma ki danna wani link da zai turo. Babu wani mutum a waje da yake da maɓallin cire shadoban, wanda ya ce miki yana da shi akawun ɗinki yake so, zai canza imel da lambar waya ya sayar da shafin ko ya riƙa damfarar mabiyanki da sunanki. Ki kunna tsaro mai mataki biyu yau ɗin nan, wato wanda bayan fasuwod sai an saka wata lamba kafin a shiga akawun. Shafin kuma kar ki goge, zai gyaru in sha Allah.

Zancen shadoban ki duba da kanki, ba sai kin tambayi kowa ba. A Instagram ki shiga saitin ki nemi Account Status, nan zai nuna miki ko an hana nuna abubuwanki ga waɗanda ba sa bin ki da kuma dalilin, har da wurin ɗaukaka ƙara. A TikTok ki buɗe alƙaluman bidiyon, in an cire shi daga For You, wato shafin da TikTok ke zaɓo wa mutane bidiyo ko da ba sa bin mai shi, za ki ga sanarwa. Yawancin masu kawo min wannan kukan in suka duba sai su ga komai lafiya lau, matsalar tana wani wurin daban.

Matsalar ita ce wannan tunanin da ya zauna wa mutane a kai cewa yawan mabiya shi ke sa bidiyo ya tafi. Kullum sai na ji shi, kuma shi ne ya fi kashe shafukan mutane masu ƙoƙari irinki. Wannan lissafin tsohon yayi ne, lokacin da kowa ke ganin fostin ɗin waɗanda yake bi a jere bisa lokaci. Instagram ta bar wannan tsarin tun 2016. YouTube ma tun 2012 ta koma auna tsawon lokacin da aka yi ana kallo maimakon yawan dannawa. TikTok kuwa a 2020 da kansu suka fito suka bayyana cewa yawan mabiya ba ya cikin abubuwan da kai tsaye suke sa a tura bidiyo zuwa For You, amma mutum ya kalli bidiyo har ƙarshe alama ce mai nauyi sosai a wajensu. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, a farkon 2025 ya lissafa abubuwa uku da suka fi nauyi: tsawon kallo, laik, da turawa wani ta inbos, kuma laik ɗin da turawar ana auna su ne da yawan waɗanda suka ga abin. Kinga babu adadin mabiya a ciki.

To yanzu duba abin da ya faru da ke. Kin ɗora bidiyon yadda ake yanka hannun riga, algoridim, wato injin manhajar da ke zaɓar wanda za a nuna wa bidiyo, ya fara nuna shi ga mutane kaɗan ya ga ya za su yi, a cikinsu akwai 'yan guruf ɗin nan da suka bi ki don kawai ki bi su, mai sayar da takalmi ne da mai fostin ƙwallo da wadda ba ta taɓa riƙe almakashi ba, bidiyon na fitowa kafin ki gama sallama sun wuce da babban yatsa, shi kuma injin bai san zumunci ba, abin da ya rubuta kawai shi ne mutanen da suka zaɓi bin wannan matar ma ba sa tsayawa, to don me zai kai wa baƙi? Ko da sun danna laik don cika alkawarin guruf, laik ne ba kallo, sakan biyu sun tafi. Mafi muni ma, daga waɗanda suke amsa miki ne yake koyon irin mutanen da zai nemo miki, sai ya tafi yana nemo masu kama da mai fostin ƙwallo, masu son ɗinkin kuma suna can ba su san da ke ba.

Dubu goman da kika saya kuwa yawancinsu ba mutane ba ne, akawun ne da aka ƙirƙira da inji ko aka sace, ba sa kallo ba sa magana, taron tsintsiya ba shara. Kuma duk kamfanin da zai ba ki talla ya san wannan, zai kwatanta yawan masu kallo da yawan mabiya, da ya ga dubu goma sha wani abu amma kallo ɗari biyu shikenan ya gane. Wannan harka ba sabuwa ba ce, a 2018 jaridar New York Times ta fallasa wani kamfani mai suna Devumi da ya sayar wa fitattun mutane miliyoyin mabiyan bogi a Twitter, a 2019 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci mai kamfanin tarar dala miliyan biyu da rabi. A ƙarshen 2018 Instagram ta fara share laik da mabiyan da aka samu ta irin waɗannan manhajoji. Wato kin biya kuɗi kin sayi abin da za a iya sharewa a dare ɗaya.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu kiran kansu ƙwararru, su ne za su sayar miki mabiyan, in shafi ya mutu su dawo su ce shadoban ne su sake karɓar kuɗin magani. Wani ya ce ki zuba hashtag talatin, wani ya ce ki yi fostin ƙarfe kaza daidai, wani ya ce ki rubuta "duk mai ƙaunar mahaifiyarsa ya yi kwament", alhali Facebook tun ƙarshen 2017 ta ce tana danne irin wannan roƙon kwament da laik. Su ba su taɓa gina shafi da gumin kansu ba, amma suna wasa da wahalar mace da ta zauna ta ɗauki bidiyo ta gyara ta ƙona data. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata su ji tsoron Allah.

Gyaran ba mai sauri ba ne amma ba shi da wuya. Ki fita daga guruf ɗin. Ki cire duk wata manhaja da kika taɓa ba izinin shiga akawun ɗinki ki canza fasuwod. Mabiyan bogin ki riƙa cire su kaɗan kaɗan kullum, kar ki yi ɗaruruwa a zama ɗaya don kar a ɗauka inji ne, za ki gane su, ba hoto, ba fostin, suna mai tarin lambobi, suna bin mutum dubbai. Adadinki zai sauka kuma zai yi miki ciwo, ki daure.

Sannan ki daina kallon adadin mabiya ki koma kallon layin nan na cikin alƙaluman bidiyo da ke nuna inda mutane suke barin kallo. In kin ga ya faɗi tun a sakan uku na farko, to gabatarwarki ce ta yi tsawo, ki fara da hannun rigar da ya karkace a gaban kyamara ki ce ga dalilin da naki yake yin haka, gaisuwa ta biyo baya. Ki yi abin da mai koyon ɗinki za ta ajiye ko ta turawa ƙawarta. Ki rubuta kalmomin da ake nema a bayanin bidiyon, ki faɗe su da baki ma. Kar ki sauke bidiyo daga TikTok da tambarinsu a jiki ki ɗora a Reels, wato gajerun bidiyon Instagram, Instagram ta faɗa tun 2021 cewa tana rage tafiyar irinsu, ki ɗora asalin daga wayarki. Ki tsaya a kan ɗinkin na wasu makonni ba tare da cakuɗa wasu abubuwa ba, in kin tara bidiyo goma ki jera alƙalumansu ki ga wanne aka fi kallo har ƙarshe, ki ƙara yin irinsa.