Funfuna a huhu, alhali ba shi da ƙanjamau?

Tambaya: Likita barka da aiki. Yayana ne ya gama shan maganin tibi na wata 6 tun bara, an gwada kakinsa sau biyu an ce babu komai, amma har yanzu tari yake wani lokacin har da jini, ga rama. Yanzu kuma wani likita ya ce wai funfuna ce a huhunsa. To ni dai na ji masu ƙanjamau ko ciwon kansa ke samun wannan, shi kuma an masa gwaji lafiya lau. Anya kuwa?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya 'yar'uwa. Ƙwarai yana faruwa, kuma wallahi abin na damuna don ana yawan kuskurensa.

Akwai wata funfuna, Aspergillus, ƙwayoyinta na yawo cikin iska da ƙura da ruɓaɓɓen ganye, ni da ke kullum sai mun shaƙe su, lafiyayyen huhu ke share su ba mu ma sani ba. To shi tibi ko ya warke yakan bar kogo a huhu, nan take samun wurin zama ta yi ta girma a hankali, wani sa'in ta dunƙule kamar ƙwallo ta dinga ci wa jijiyoyin jini na gefen kogon, jinin da kuke gani ke nan. Kin ga ba sai garkuwar jiki ta faɗi ba, tabon kaɗai ya isa. Haka mai suga da ba ta saituwa, da mai shan magungunan da ke rage garkuwar jiki irin su prednisolone ko dexamethasone barkatai, da wanda mura mai tsanani ko korona ta kwantar, su kam tana iya cin naman huhun cikin kwanaki. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun gaba cikin funfuna 19 mafiya haɗari.

Roƙona ɗaya, kar a maida shi kan maganin tibi haka kawai don tarin ya yi kama. A yi hoton CT na ƙirji da gwajin jini na Aspergillus IgG, mai nuna alamar funfunar a jiki. In ta tabbata, itraconazole ko voriconazole ake bayarwa, aƙalla wata 6, ana duba hanta. Fluconazole, duk da shi ma maganin funfuna ne, ba ya taɓa ta, kar ku ɓata kuɗinku, kuma rifampicin na maganin tibi yana karya ƙarfin waɗancan biyun, ku gaya wa likita duk abin da yake sha.

In kuwa jinin ya fara zuwa da yawa, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti, kar a jira gari ya waye.