Kayan tsaraba sun yi yawa, saura kwana uku in baro Istanbul

Hajiya, kin ce saura kwana uku ki taso daga Istanbul zuwa Damagaram, tsaraba ta cika ɗaki, kina tambaya ko ki ƙaro akwati. Kar ki ƙara. Yau ɗin nan ki roƙi ma'aikatan otel su ara miki sikeli ki auna, sannan ki duba tikitinki: yawanci akwati ɗaya kilo 23 ne, abin da ya haura kuwa sai kin biya kuɗi mai tsoka a filin jirgi. Turare da man shafawa su shiga babban akwati, don a jakar hannu kwalbar da ta wuce mililita 100 ƙwacewa ake yi.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tafiya ba ta ƙare a Yamai ba. Akwai kusan kilomita 900 a bas, ta Dosso da Ƙonni da Maraɗi, kuma can ma sai an biya kuɗin kaya. Bara na sayo kofunan shayi na gilashi, na cusa su a gefen akwati, rabi suka iso Damagaram a farfashe. Ki naɗe naki cikin abayoyin, a tsakiya. Fasfo da katin rigakafin shawara kuma su zauna a jakar hannu.