Ciyar da Hawainiya Marar Lafiya da Sirinji

Tambaya: Malam, hawainiyar da nake kiwo a Agege ta kwana biyar ba ta ci komai ba. Zan iya ciyar da ita da sirinji?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara kai ta wurin likitan dabbobi, domin ƙin cin abinci sau da yawa alamar cuta ne. Idan ya amince, ki cire allurar, ki niƙa gyare da ruwa har ya yi laushi, sannan ki ɗiga ɗigo ɗaya ta gefen bakinta, ki jira sai ta haɗiye. Ƙofar numfashinta tana cikin bakinta daga ƙasa, don haka idan kika zuba da yawa, abincin zai iya shiga huhu. Don Allah kada ki buɗe bakinta da ƙarfi.