Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Tatsuniya da Kishin Ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A darasin tarihin Turai an koya mana cewa aƙidar Romantisizim ce ta rura wutar kishin ƙasa. Me ya haɗa mawaƙa da marubuta da kafa ƙasashe?
Daga wata ɗaliba, Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Wannan aƙida ta kunno kai ne a Jamus da Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da wasu masana suka ƙosa da masu cewa hankali da lissafi kaɗai sun isa su bayyana ɗan Adam, suka koma ga abin da zuciya ke ji, da tarihin kakanni, da rayuwar karkara. Johann Gottfried Herder, wani masani Bajamushe da ya rasu a 1803, ya koyar da cewa kowace al'umma tana da ruhinta, kuma a harshenta da waƙoƙin talakawanta ake samunsa, ba a fadojin da ake taƙama da Faransanci ba.

Yaƙi ne ya mai da wannan tunani siyasa. Bayan Napoleon, sarkin Faransa, ya murƙushe Prussia, wata masarautar Jamusawa, a 1806, wani masanin falsafa mai suna Fichte ya tsaya a Berlin, sojojin Faransa na cikin gari, yana faɗa wa Jamusawa cewa harshe ɗaya ya sa su zama al'umma ɗaya ko da sarakunansu sun rarrabu. A 1812 wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara buga tatsuniyoyin da suka tattara. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Finland: wani likita, Elias Lönnrot, ya bi ƙauyuka da ƙafa yana rubuta waƙoƙi daga bakin tsofaffi, ya haɗa su ya buga a 1835, sa'ad da ƙasar ke hannun Rasha, harshen Sweden kuma shi ne na ofis. Mutanen da ake raina harshensu suka ga ashe suna da abin tunƙaho, kuma a 1917 suka sami 'yanci.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa, kuma ke 'yar Daura ba sai an kai ki nesa ba. Labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu ya ɗinke Daura, Katsina, Kano, Zazzau, Gobir, Rano da Biram a matsayin zuri'a guda, amma shi ne kuma ya laƙaba wa Zamfara, Kabi, Nupe da sauransu sunan Banza Bakwai. Labarin da ya tara 'yan gida yakan nuna wanda za a kira bare. A Jamus, wasu sun karkatar da ƙaunar harshe zuwa da'awar tsarkin jini, har 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 suna fakewa da ita, ko da yake Herder kansa ya ƙi yarda a fifita wata al'umma a kan wata, ya kuma soki mulkin mallaka da Turawa ke yi wa sauran jama'a.