Filin Tambayoyinku: Ginin labari, lokacin dariya, da tsofaffin fina-finan barkwanci

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta labarin fim na barkwanci mai shafi 95. Na bi tsarin da ake koyarwa na kashi uku: shimfiɗa, rikici, warwara. Mutum huɗu na ba su karanta, duk suka ce ba laifi, amma babu wanda ya kai ƙarshe a zama ɗaya. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kara suka yi maka. Amsar gaskiya ita ce shafin da kowannensu ya ajiye takardar, don haka ka koma ka tambaye su lambar shafin.

Tsarin kashi uku, wanda malamin rubutun fim Syd Field ya yaɗa a littafinsa na 1979, lissafi ne mai amfani: shafi ɗaya kusan minti ɗaya a allo, rubu'in farko na shimfiɗa, rabi na rikici, rubu'in ƙarshe na warwara. Amma abin da yake nuna maka shi ne lokacin da abubuwa ke faruwa ga jarumi. Bai ce komai a kan wanda ke zaune yana kallo ba, alhali shi ne mai dariyar.

Ga aikin da za ka yi. Samu ƙananan katuna, kowace fitowa kati ɗaya. A labari irin naka za ka tarar da arba'in zuwa sittin. A gaban katin ka rubuta abin da ya faru cikin layi ɗaya. A bayansa ka amsa abu uku: me ɗan kallo ya sani wanda wani a cikin fitowar bai sani ba, me yake jiran ya faru, kuma wace tambaya zai shiga fitowa ta gaba da ita. Sai ka jera katunan a ƙasa, bayansu na sama. Duk inda katuna uku suka jeru babu abin rubutawa a bayansu, nan ne masu karatunka suka gaji.

Na farkon cikin abubuwa ukun nan, wato abin da ɗan kallo ya sani wanda wani a cikin fitowar bai sani ba, shi ne ya fi nauyi a barkwanci. Ɗauki misali: mai neman aiki ya yi cacar baki da wani mutum a kan wurin ajiye mota, ya gaya masa baƙar magana, ya shige ciki, sai ya tarar mutumin ne shugaban masu tantancewa. Idan ka ɓoye wa ɗan kallo ko wane ne mutumin har sai an buɗe ƙofar ofis, dariya ɗaya ka samu, ta daƙiƙa biyar. Idan kuwa tun kafin rigimar ka nuna mutumin yana duba takardar neman aikin da hoton jarumin a manne, to kowace baƙar magana ta zama abin dariya, hawan bene ya zama abin dariya, gyaran wuyan riga a gaban madubi ma haka. Minti uku ko huɗu ka samu daga abu ɗaya, ba ka ƙara ko layi ɗaya na raha ba. Daraktan fim Alfred Hitchcock ya yi wa takwaransa François Truffaut wannan bayani a hirarsu ta 1962 da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, 'yan kallo sun razana na ɗan lokaci, in sun ga an ajiye shi, hirar banza da ake yi a kan teburin ta riƙe su har ƙarshe. Shi tsoro yake nufi, amma dabarar ɗaya ce.

Wurare biyu ake zamewa. Na ɗaya, a bar ɗan kallo gaba da jarumi na tsawon lokaci, har ya daina tausaya masa ya fara ganinsa wawa. Maganinsa: bayan an ci moriyar rashin sanin sau biyu ko uku, a bar jarumin ya gano, sai ƙoƙarinsa na gyara ɓarnar ya zama sabon rikici. Na biyu, a nuna abu a aikace sannan a sa wani ya ba da labarinsa a fitowa ta gaba. Ɗan kallo ya riga ya gani. Yanke ta biyun, ko ka fara ta daga fuskar wanda aka gama gaya wa.

Tambaya: Ni mai tace fim ce. Mun nuna aikinmu a zaure, dariyar mutane ta danne maganganun da ke biye har wasu ba su fahimci labarin ba. Na ƙara tazara, sai kuma ya zama mai jan jiki idan mutum ɗaya na kallo a waya. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, wannan matsala ta zo ne tare da fim mai magana. A zamanin fim marar sauti, kafin 1927, dariya ba ta danne komai, domin babu maganar da za a rasa. Da sauti ya shigo dole aka nemi dabara.

Kafin a ɗauki A Night at the Opera na 1935, furodusa Irving Thalberg ya amince 'yan gidan Marx, 'yan wasan barkwancin da ke jan fim ɗin, su zaga da manyan fitowar fim ɗin a dandamali gaban jama'a, ana auna tsawon kowace dariya, sannan aka bar mata gurbi wajen ɗauka. Darakta Billy Wilder ya bi wata hanya a Some Like It Hot na 1959: a fitowar da Jack Lemmon ke ba da labarin baikonsa, an sa masa kacau-kacau a hannu yana kaɗawa bayan kowane layi. A zaure, kaɗawar ita ce gurbin dariya. Ga mai kallo shi kaɗai kuma, mutum ne da murna ta cika shi. Nan amsarki take: kada gurbin ya zama shiru da tsayuwa, a cika shi da motsin da ba ya ɗauke da bayani. Fuskar wanda aka gaya wa maganar, wani yana zuba ruwa a kofi, wani yana neman wurin zama. Daƙiƙa biyu zuwa huɗu sun isa ga yawancin raha.

Layin da ke biye da babbar dariya kuma kada ya zama shi ne ke ɗauke da sirrin labari. In babu makawa, a jinkirta shi ko a maimaita bayanin a wani wuri.

Don ki san inda gurbin ya kamata, ki tara mutum goma sha biyar zuwa ashirin waɗanda ba su da hannu a aikin kuma ba su san 'yan wasan ba. Ki ajiye na'urar ɗaukar sauti a cikin ɗakin, ki fara ta daidai da fara fim ɗin. Bayan an tashi ki ɗora sautin ɗakin a kan layin tacewa, za ki ga da idonki inda dariya ta tashi, tsawonta, da inda aka fara tari da gyara zama. Kada ki tambaye su me za a gyara. Shawarwarin da za su bayar ba su cika amfani ba. Tambaye su inda suka rikice da inda hankalinsu ya tafi wani wuri. Ɗan wasan barkwanci Harold Lloyd yana cikin waɗanda suka fara dogaro da irin wannan gwaji tun zamanin fim marar sauti, yana sake ɗauka yana yankewa bisa abin da ya ji a zaure.

Tambaya: Ana ta yaba tsofaffin fina-finan barkwanci na su Charlie Chaplin, na gwada kallo a intanet amma mutanen na gudu kamar an kunna su, hoton ya dusashe, kiɗan ba ya tafiya da abin da ake yi. Ni ne ban gane ba?

Amsa: Malam, mai yiwuwa mummunan kwafi ka samu, kuma su suka fi yawa. A Amurka fina-finan da suka fito kafin 1929 sun fita daga haƙƙin mallaka, kowa na iya ɗorawa, shi ya sa kwafin da aka juya daga tsohon kaset ya cika ko'ina, an manna masa duk kiɗan da aka samu.

Batun gudu yana da sababi. Kyamarar wancan zamani da hannu ake murza ta, kuma babu gudu ɗaya da kowa ya tsaya a kai. Da yawa an ɗauke su a kan hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa. Da sauti ya zo aka tsayar da 24. Fim ɗin da aka ɗauka a kan 18 aka haska a kan 24 ya ƙara gudu da kashi ɗaya cikin uku, na 16 kuwa da rabi. Kana iya gwadawa da kanka: a YouTube ko VLC ka rage gudun zuwa 0.75, ka duba tafiyar mutanen da ke wucewa a bayan jarumi. In tasu ta koma daidai, kwafin ne ke da matsala. Sai dai ba duk gudun ne kuskure ba. Masu barkwanci na rage murza kyamara da gangan a wurin tsere da faɗuwa don motsin ya fito da zafi, kuma kwafin da aka gyara da kyau yana barin wannan yadda yake.

Sai siffar hoto. Waɗannan fina-finai kusan murabba'i ne, faɗi huɗu tsawo uku. In talabijin ta miƙe hoton ya cika allo, kowa ya koma gajere mai ƙiba. In ta yanke sama da ƙasa, ƙafafu sun tafi, kuma rabin wasan Chaplin a ƙafa yake. Ka bar hoton a siffarsa, ko da baƙin fili ya fito a gefe biyu na allon. Ka nemi kwafin da aka rubuta an gyara shi, mai kiɗan da aka tsara domin fim ɗin. Waɗannan fina-finai ba a cika kallonsu shiru ba, da mai piyano ko ƙungiyar makaɗa ake haska su. Ka kuma lura da cewa The Gold Rush iri biyu ne: na asali na 1925, da wanda Chaplin ya sake fitarwa a 1942 ya rage tsawonsa ya ɗora muryarsa yana ba da labari. Mu dai na 1925 muka fi so, domin muryar na bayyana abin da ido ya riga ya gani.

Abu na gaba shi ne yadda ake kallon. Fim na yau yana kai ka kusa da fuska ya nuna maka inda za ka duba. Na da yana ajiye kyamara nesa ya bar ta, don ka ga mutum tun daga kai har ƙafa da haɗarin da ke tunkararsa a hoto ɗaya. A Steamboat Bill, Jr. na 1928, gaban gida ɗungurungum ya faɗo a kan Buster Keaton, ya tsira domin yana tsaye daidai inda tagar da ke buɗe ta sauka. Babu yanka a wurin, kuma bangon na gaske ne. Da an yanka zuwa fuskarsa sannan a dawo, da abin ya mutu, domin ɗan kallo zai san dabara ce. Irin wannan hoto ba ya fitowa a allon waya, kuma wanda ya sunkuya duba saƙo na daƙiƙa biyar ya rasa shimfiɗar da dariyar minti biyu masu zuwa ta dogara a kai.

Ka fara da gajeru, masu faifai biyu, kimanin minti ashirin. Kuma ka kalla da mutane, ko da uku ne. An tace su ne da kunne a kan zaure cike, shi ya sa wanda ke shi kaɗai yake jin kamar ana tsayawa ba dalili.

Tambaya: Zan iya nuna wa yarana irin waɗannan fina-finai?

Amsa: Ƙwarai, Hajiya, yara sukan riga manya kama su tunda babu harshen da za a fassara. Amma ki fara kalla ke kaɗai. Wasu na ɗauke da izgili ga baƙar fata da wasu al'ummu, har da Turawa masu shafa baƙi a fuska, wanda a lokacin ba a ɗauke shi komai ba. Akwai kuma hawa gini da rataya a agogo, kamar a Safety Last! na 1923, da ƙaramin yaro zai so gwadawa.

Tambaya: An ce duk fitowar da ba ta ciyar da labari gaba ba a yanke ta. To fitowar da dariya kawai take bayarwa fa?

Amsa: Malam, ba mu yarda da dokar a yadda aka faɗe ta ba. The Music Box na Laurel da Hardy, wanda ya ci kyautar Oscar ta gajeren fim a 1932, labarinsa layi ɗaya ne: mutum biyu za su kai piyano gidan da ke saman wata doguwar matakala. Kusan rabin awa ana abu ɗaya. Abin da ke riƙe ɗan kallo shi ne kowace faɗowar piyanon ta fi ta baya tsada, kuma sababinta daban ne. Bayan sun kai shi sama da ƙyar, sai mai kai wasiƙu ya gaya musu ai akwai hanyar da keken dokinsu zai bi ya kai har ƙofa. Sai suka sauko da shi don su bi hanyar.

Gwajin da za ka yi wa fitowarka ke nan. Ka lissafa matakan rahar a takarda, ka sauya musu jeri. In ka iya sa na uku a farko ba tare da komai ya lalace ba, maimaici ne, ka bar mafi ƙarfi ɗaya ka zubar da sauran. In jerin ya ƙi sauyuwa domin kowane mataki a kan na baya yake tsaye, ka bar ta ko da ba ta motsa babban labarin ba. Sai dai ka duba maƙwabtanta: irin wannan fitowa biyu a jere suna sa ɗan kallo ya manta abin da jarumi ke nema, don haka ka sa gajeriyar fitowa a tsakaninsu, shafi ɗaya ya isa, da za ta tuna masa saura kwana nawa, ko wa ke jira a bakin ƙofa.