Zan iya sayo tsofaffin sulalla ko in tsinto dutse a kufai daga Turkiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina zuwa Istanbul saro kaya a Laleli, wannan karon da 'yata zamu je, muna son mu zaga Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Usmaniyya, da masallacin Aya Sofiya har kufan tsohon birnin Afisa in lokaci ya samu. Maigidana yace in sayo masa sulallan zamanin Daular Usmaniyya, ita kuma yarinyar tace zata tsinto ɗan dutse don tunawa. Sai naji ance an tsare wani a filin jirgi kan haka, wallahi hankalina ya tashi. Mai mana kargo yace in bashi ya cusa cikin dila ba komai. Ya zanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalin ya tashi tun kina gida. Kar ki sayo, kar yarinya ta tsinci komai, mai kargon nan kuma kar ki saurare shi, in aka buɗe dilar sunanki ne a jiki ba nashi ba.

Shekaru ina raka matafiya kuma kusan kullum sai naji wannan maganar, wai ai da kuɗina na saya ga rasit, ko wai dutse ne yashe a ƙasa ba mai shi. Yana da mai shi Hajiya. Dokar Turkiyya mai lamba 2863 ta 1983 ta maida kayan tarihi mallakar gwamnati, na cikin ƙasa da na kan ƙasa, fitar dasu kuma ɗaurin shekara 5 zuwa 12 ne. Rasit ɗin shago shaidar kin biya ne kawai, bai baki izinin ƙetare iyaka da abun ba, kuma ɗan kasuwar da ya rantse miki ba matsala baya tare dake ranar da na'ura ta nuna abun cikin akwati. Jami'in kwastan ba zai tsaya gardama dake ba, masani zasu kira daga gidan tarihi ya duba, kafin nan jirgi ya tashi ya barki, ana iya hanaki fita ƙasar sai kotu ta gama, ga kuɗin otal ga lauya ga kayanki na jira, duk akan abun da bai kai girman goro ba.

Kuma ba Turkiyya kaɗai bace. A 2022 kotun Iraƙi ta yankewa wani dattijo ɗan Ingila shekara 15 saboda 'yan fasassun tukwane da duwatsu da ya tsinta a kufan Eridu, sai da aka ɗaukaka ƙara aka sake shi bayan ya shafe watanni a tsare. Masar ma dokarta ta 117 ta 1983 ta hana cinikin kayan tarihi. Abun da ke min ciwo shine ejan-ejan ɗinmu sun iya lissafin kilo da kuɗin biza amma wannan ko sau ɗaya basa faɗawa mutum, mu da har yau muke kukan an kwashe mana tagullan Benin a 1897 da kawunan Nok da ake haƙewa ana saidawa waje, ai mu ya kamata mu fi kowa gane dalilin waɗannan ƙasashen.

Shi kuma maigida ki sayo masa kwaikwayon sulallan a shagon cikin gidan tarihi, an yi su ne don tsaraba, ki ajiye rasit. In darduma ko tagulla mai kama da tsohuwa ta burgeki sai da takardar gidan tarihi mai nuna an yarda a fita da ita, in mai shago ya fara kame-kame ki barshi.

A Topkapi ku nemi ɗakin amanoni masu tsarki, kayan da Sarki Salim na ɗaya ya fara kawowa bayan ya ci Masar a 1517, ana karatun Alƙur'ani a wurin dare da rana. Ku je da sassafe kafin layi ya yi tsawo.